In Na Yi Wa Ɗan Majalisa Ba'a Da Bidiyonsa, Kama Ni Za a Yi?

Wasiƙu uku na ware a wannan fitowar, domin duk ukun ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa, ko da yake masu su ba su san juna ba. Na ɗan rage musu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni gyaran waya nika yi nan titin Emir Yahaya. In dare ya yi kuma ina haɗa 'yan bidiyoyi na ban dariya ina sakawa a TikTok da Facebook. Wanda mutane sunka fi so shi na na zaman majalisa: in yanko inda wani ya yi gyangyaɗi ko ya yi tuntuɓen harshe, in ɗora mai kiɗan kalangu ko kukan akuya. Satin da ya wuce na saka na wani daga cikin namu na jiha, anka yi ta turawa. Bayan kwana biyu sai ga kira daga lambar da ban sani ba, anka ce in goge ko in kwana ofishin 'yan sanda. Na goge. Amma abin na cina a rai. Shi fa ya faɗi maganar da bakinai, gaban kyamara. Laifi na yi?
Mai gyaran waya, Mabera

AMSA: Ɗana, akwai abin da wasiƙarka ba ta faɗa min ba, kuma rabin amsarka na can: da ka yanko maganar, daga ina ka fara, a ina ka tsaya?

Bari ka ji dalilin tambayar. Na yi shekaru a ɗakin haɗa labarai na wani gidan rediyo, tun zamanin faifai mai zare. Kayan aikinmu reza ce, da fensir mai maiƙo na yin alama, da farin salatif. Za ka riƙa juya faifan da yatsa a hankali, muryar mutum na fitowa a daƙushe kamar kukan sa, har ka gano daidai inda kalma ta ƙare. Ka ɗiga alama, ka yanka, ka liƙa. Guntun da ka cire ya faɗi ƙasa, mai shara ya kwashe da asuba.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, ana muhawara kan rabon taki a majalisar jiha. Wani dattijo mai wakiltar wata mazaɓa ta karkara ya miƙe ya ce: "Akwai masu cewa manomanmu ragwaye ne, ko an ba su taki sayarwa suke yi. Duk mai faɗin haka bai taɓa riƙe kalme ba." Daidai lokacin da ya buɗe baki wani ya ja kujera, ƙarar ta hau kan kalmomi uku na farko, sai na yanke su don aiki ya fita tas. Ƙarshen maganar kuma na sare shi saboda labaran sun zarce da 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ya fita a labaran dare, da muryar bawan Allah, shi ne: "manomanmu ragwaye ne, ko an ba su taki sayarwa suke yi." Ranar kasuwar garinsu sai ta bayan rumfunan masu gishiri aka sulale da shi.

Bayan kwana uku ya zo ofis. Bai zo da ɗan sanda ba, bai zo da lauya ba. Hularsa na hannunsa, ya dube ni ya ce, "Yaro, mi na yi maka?" Na rasa ta cewa, guntun zaren kuwa ya daɗe a juji. Rubutaccen rahoton zaman majalisa ne ya wanke shi. Sau uku muka karanta gyara a iska, amma wanda ya ji na farko a bakin rijiya ba dole ne ya ji na biyu ba. Ban ƙara masa kalma ko ɗaya ba, ka lura. Ragewa kawai na yi.

To, mu koma kan doka. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da riƙe ra'ayi, da karɓa da yaɗa labari ba tare da katsalandan ba. Bai ce sai ɗan jarida mai katin aiki ba, kuma bai ce sai maganar da aka yi da fuska a ɗaure ba. Sashe na 45 ne ya zo ya ce ana iya taƙaita wannan 'yanci da doka saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu. Tsakanin waɗannan sassa biyu ake duk wani ja-in-ja. Kotunanmu kuma sun daɗe da faɗin inda suka karkata game da masu riƙe da muƙami. A Jamhuriya ta Biyu an ɗaure wani marubuci, Arthur Nwankwo, saboda ya caccaki gwamnan Anambra na lokacin, Jim Nwobodo, a rubuce. Kotun ɗaukaka ƙara ta Inugu ta sake shi a 1983, ta ce dokar tunzura jama'a a kan hukuma da Turawan mulki suka bari, wadda aka ɗaure shi da ita, ba ta dace da tsarin mulkin ƙasa mai 'yanci ba, kuma wanda ya hau kujerar jama'a dole fatarsa ta yi kauri.

Hoton da kake yankowa fa, na wa ne? In daga NTA ko wata tashar ka ɗauko, su ke da haƙƙin mallaka. Sai dai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, a sashe na 20, ta ambaci kwaikwayon ba'a da zambo da sharhi a cikin abubuwan da aka yarda a ɗan tsakuri aikin wani dominsu, muddin an yi adalci. Tsakure aka ce. In ka kwashe zaman awa biyu ka zuba a shafinka, wannan wani zance ne. Ka riƙa barin tambarin tashar a jikin hoton, ka kuma rubuta ranar zaman.

Inda ƙaya take guda biyu ne, ko in ce uku. Tsohon kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda lauyoyi ke kira Final Kod, ya mayar da ɓata suna laifin da ake ɗaure mutum a kansa: sashe na 391 ya fayyace shi, na 392 ya yanka ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Amma sashen da kansa ya ware gaskiyar da jama'a ke da amfanin sani, ya kuma ware ra'ayin da aka faɗa da kyakkyawar niyya kan yadda ma'aikacin hukuma ke tafiyar da aikinsa. Sai kuma sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda shi ne sandar da aka fi duka da ita. Yadda aka fara rubuta shi, har "ɓata wa mutum rai" da "cin fuska" sun shiga, ga tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin magana, sau biyu ma, a 2020 da 2022. A Fabrairun 2024 aka gyara shi. Yanzu abin da ya rage a wannan gaɓar shi ne batsa, da kuma saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura don tada hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Jin haushin ɗan majalisa ya fita daga lissafi. Na ukun ita ce dokar iko da alfarmar majalisu, mai asali tun 1953, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a farkon 2018. Ita ce ta ba ɗan majalisa kariya daga a kai shi kotu kan abin da ya faɗa a zaure, kuma tun a tsohuwarta an lissafa jirkita maganar ɗan majalisa da gangan a cikin laifuffuka.

Ka duba su duka ukun, za ka ga wuri ɗaya suke haɗuwa: ƙarya. Kukan akuyar da ka ɗora ba ƙarya ba ce, don ba wanda zai kalla ya ɗauka mutumin akuya ne. Kalangu ma haka. Wanda ya yi barci a zaure kyamara ta kama shi, barcinsa ne, shi ya yi abinsa. Amma in mutum ya sunkuyar da kai yana karanta takardar da ke kan cinyarsa, kai kuma ka ɗora masa minshari, ka shirga ƙarya ko da ba ka furta kalma ba. In ya ce "akwai masu cewa" ka fille wannan, ka yi irin tawa, sai dai taka da gangan. In ka ɗauko amsar da ya bayar kan gyaran asibiti ka manna ta a gaban tambayar kashe-kashen Sabon Birni, ka ɗora masa abin da zai iya jawo masa jifa. Sabuwar fitinar nan kuma ta sa kwamfuta ta kwaikwayi muryar mutum, kada ma ka kusance ta. Wani abu kuma da matasa ba su sani ba: kariyar da ɗan majalisa ke da ita a zaure ba ta bin bidiyo zuwa wayarka yadda take. In ya miƙe ya kira sunan wani ɗan kwangila ya ce ɓarawo ne, shi ba a iya kai shi ƙara. Kai da ka yanko, ka ƙara gishiri, ka rubuta "ɓarawo ya shiga hannu" a sama, ana iya kai ka.

Saboda haka in abin da ka saka shi ne abin da mutumin ya faɗa, da kansa da ƙafarsa, ba ka taka doka ba.

Sai dai ba zan yaudare ka ba. Abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ke faruwa a bayan kanta daban. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan jihar na lokacin. Sau da yawa ma mai ƙarar ba hukunci yake nema ba. Kwana huɗu a tsare, da kuɗin beli, da wayarka da za a riƙe a matsayin shaida, da kukan mahaifiyarka, sun ishe shi. Don haka gogewar da ka yi ban ga laifinka ba. Kai ka san nauyin da ke kanka, kuma ba ni zan kai maka abinci ba.

Mai kiran nan da baƙuwar lamba, mai yiwuwa ma wani yaron siyasa ne ke neman a ce ya yi aiki, maigidan bai sani ba. Ka ɗauki hoton lambar da lokacin kiran ka ajiye. Kada ka je haɗuwa da kowa a ko'ina saboda kiran waya. In 'yan sanda ne da gaske, gayyata za su aiko, kai kuma ka tafi da lauya ko wani babba naka, da rana. Sashe na 35 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya, ya kuma ce a kai ka gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, wanda a cikin garin Sakkwato ba a ma tambaya. Hukumar ba da tallafin shari'a da ta kare haƙƙin ɗan Adam duk suna da ofis a nan. Nan gaba kuma, duk bidiyon da za ka taɓa, ka ajiye cikakkensa a wani wuri da ba wayarka ba, minti biyu kafin maganar da minti biyu bayanta. Ni abin da na rasa ke nan ranar da dattijon nan ya tsaya a gabana.

TAMBAYA: Malam, ni mataimaki ne ga wani ɗan majalisa. Maigidana mutumin kirki ne, rijiyoyin da ya haƙa a mazaɓarsa suna nan ana sha. Amma yara sun mayar da shi abin dariya saboda Turancinsa, kullum sai an turo min sabon bidiyo. Na ji an ce a Ingila, inda muka koyo majalisa, an haramta yin ba'a da hoton zaman majalisa. Me zai hana mu ma a kafa irin wannan doka, ko martabar zaure ta dawo?
Wani mataimaki, Gawon Nama

AMSA: Ƙanena, abin da ka ji akwai gaskiya a ciki, amma ba a ba ka labarin duka ba. Majalisar wakilan Birtaniya ta daɗe tana ƙin kyamara, sai a 1989 ta buɗe mata ƙofa, shi ma bisa sharaɗi: tashar da ta karɓi hoton ba za ta sa shi a shirin nishaɗi ko na zambon siyasa ba. Sharaɗi ne na izinin amfani da hoton da majalisar ke ɗauka da kyamarorinta. Yi wa 'yan siyasa ba'a kuwa ba a taɓa hana shi da wannan ba. A 1984 an fara wani shirin talbijin a can da ake ƙera 'yan tsana masu kamannin firaministar lokacin, Magaret Taca, da ministocinta, ana yi musu tsiya iya tsiya kowane mako.

Kuma ka ji yadda sharaɗin ya ƙare da zama abin dariya shi kansa. A 2011 an hana nuna wani kashi na wani shirin barkwancin Amurka a Ingila saboda ya sa hoton majalisarsu, alhali mai shirin yabon zafin muhawararsu yake yi. A 2018 wani shirin ya ci karo da matsalar, sai masu shi suka cike gurbin, don 'yan Ingila kaɗai, da wani ɗan wasa yana karanto ra'ayoyin mutane kan gidajen sayar da abinci. Duniya ta ga na ainihin a intanet, ta kuma ƙara da dariyar na biyun. Ostareliya na da irin wannan sharaɗi, ta yar da shi a 2013. Niyu Zilan ta bi sahu a 2017. Kana son mu tsinci abin da masu shi ke zubarwa.

Martabar zaure da ka ambata, mu yi wa juna adalci. A Yunin 2010 ba mai waya ne ya yaga rigar Dino Melaye a zauren wakilai ba. A Afrilun 2018 ba mai TikTok ne ya shiga majalisar dattawa ana tsakar zama ya sunkuci sandar majalisa ba, wadda washegari 'yan sanda suka ce sun tsinto ta ƙarƙashin gada. A Yulin 2020, lokacin binciken kuɗin hukumar raya yankin Neja Delta, shugaban hukumar ya sulale a kujera a gaban kwamiti, aka kuma ji shugaban zaman yana roƙon minista ya kashe makirufo. Ministan nan, Godswill Akpabio, shi ne ya zama shugaban majalisar dattawa, kuma a Agustan 2023 ya shaida wa sanatoci, ana nunawa kai tsaye, cewa an tura musu ɗan abin hutu a asusunsu. Da aka ankarar da shi sai ya janye, ya ce addu'o'i aka tura. Wane mai barkwanci ne zai iya ƙago wannan?

Sannan ka tuna 20 ga Nuwamban 2014. Ɗan jiharmu Aminu Waziri Tambuwal na kakakin majalisar wakilai, bai daɗe da sauya jam'iyya ba, 'yan sanda suka garƙame ƙofa suka harba barkonon tsohuwa, 'yan majalisa suka riƙa haura ƙofar ƙarfe da manyan riguna. An yi dariyar hoton nan har an gaji. Amma hoton ne ya nuna wa ƙasa abin da aka yi musu, kuma ba ko ɗaya cikin masu haurawar da ya nemi a kashe kyamara a ranar. Mai neman dokar toshe baki yakan manta kujera juyawa take yi. An gwada a 2015 da ƙudurin Sanata Bala Ibn Na'Allah, aka janye shi. An sake a 2019 da na Sanata Sani Musa kan kafafen sada zumunta, da na Sanata Sabi Abdullahi kan kalaman ƙiyayya wanda har rataya aka ambata a ciki, ba wanda ya zama doka. Mu da muka ga Doka ta 4 ta 1984, wadda ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor shekara guda, ba ma marmarin ƙanwarta.

Inda nake tare da kai shi ne zancen Turanci. Dariyar Turancin mutum ita ce mafi arha a kasuwar, kuma masu yin ta da yawa in an miƙa musu makirufo ba za su kai ƙarshen jimla ba. Amma maganin na hannun maigidanka. Sashe na 97 na tsarin mulki ya yarda majalisar jiha ta gudanar da zama da harshen jiharta bayan Turanci, in ta zartar da ƙuduri. Ta Legas na zama da Yarbanci ranar Alhamis. Kujeru 30 ne a tamu, kuma ban san mazaɓar da ba a jin Hausa a cikinsu ba. Ya miƙe ya zuba Sakkwatancinsa kan rijiyoyin nan, mu ga mai dariya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ɗalibi ne a Jami'ar Ɗanfodiyo, shi da abokansa suna irin wannan bidiyo na 'yan majalisa. Na yi faɗa har na gaji. Abu biyu ke damuna. Na farko, wannan ba cin naman mutane ba ne a addini? Na biyu, an ce in an neme shi ba a samu ba, mahaifinsa za a kama, ga shi mai hawan jini.
Wata uwa, Runjin Sambo

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. In fara da na biyun don hankalinki ya kwanta: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ƙarara. Ana saɓa mata, ban ce ba a yi ba, amma duk wanda ya yi ya san ya taka doka, kuma lauya na iya tsayawa a kan wannan tun daga bakin kanta.

Na farkon kuwa, ni ba malami ba ne, almajirin zaure ne, kuma a garin malamai nake magana. Ki kai wa malamin unguwarku abin da zan faɗa ya auna. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ta 12 kuma ta kamanta gulma da cin naman ɗan'uwa matacce. Tsoronki na da tushe. Amma a Suratun Nisa'i, aya ta 148, an yi togiya ga wanda aka zalunta, kuma Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da kai kukan zalunci, da gargaɗin jama'a, da abin da mutum ya bayyana da kansa a fili. Zaman majalisa kuwa ba ɗaki ba ne. Mujaddadi Shehu Usmanu ma, a Kitabul Farƙi, bai ɓoye ɗabi'un sarakunan zamaninsa ba, ya jero su ɗaya bayan ɗaya, da harajinsu da ƙwacensu. Sai dai akwai hadisin da ya kamata ɗanki ya liƙa a bayan wayarsa, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito: azaba ta tabbata ga wanda ke yin ƙarya a zance don ya ba mutane dariya. Kin ga inda malamai suka ja layi, kusan nan lauyoyi suka ja nasu.

Abin kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan, wayar ce kawai sabuwa. Fada na da wawan sarki, mai faɗin abin da waziri ba ya iyawa. Matan gidan sarauta na wasan gauta, wata ta naɗa rawani ta kwaikwayi tafiyar sarki da tarinsa, yana zaune yana kallo. Samarin ƙauye na kalankuwa bayan kaka, a naɗa gwamna da alƙali na wasa. Ga 'yan kama, ga tashe da azumi, ga makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara da in sun tashi zambo sai su kira ɗan sarki da sunan wata dabba, kowa ya gane, ba wanda ya ambaci suna. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Har Bagobiri da Bayarabe in sun haɗu a tasha sai sun taɓa, a rabu ana dariya. Duk waɗannan suna da ladabinsu: ana taɓa hali da aiki, ana barin uwar mutum da matarsa.

Nan ne nake so ki sa ido. In yaran na wasa da alkawarin da aka yi ba a cika ba, ko kujerun da ke wayam ranar muhawarar tsaro, ko barcin da aka yi ana karanta kasafin kuɗi, wannan aikin da aka zaɓi mutum ya yi ne, albashinsa kuma daga aljihun jama'a yake fita. In kuwa sun koma kan in'inar mutum, ko ɗingishinsa, ko baƙinsa, ko asalin kakansa, to ayar Hujurati ta hau kansu, kuma ni ma ina bayanki. Abin da ya shafi zargin alfasha kuma ki gaya masa da babbar murya: wannan ƙazafi ne, haddinsa bulala 80 a Suratun Nur, jiharmu kuwa tana da kotunan shari'a.

Faɗan da kike yi daga bakin ƙofa ba zai yi ba, Hajiya, zai dai koyi rage murya ne. Ki zaunar da shi bayan isha'i, ki ce ya nuna miki guda biyar na ƙarshe, sannan ya nuna miki cikakken zaman da ya yanko kowanne daga ciki. In ya kasa kawo cikakken, ki sa ya sauke wannan a gabanki. In ya kawo kuma kika tarar maganar haka take, kada ki yi mamaki in dariya ta kuɓuce miki. Wanda ya fi ba ki dariyar ki sa ya turo min ta adireshin mujalla, jikanyata ta koya min yadda ake buɗewa.